Ganyen Dogonyaro a Kan Babur ɗin Ukasha

Birnin Tudu,
Ƙaramar Hukumar Bakura.

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hikima da yara baki ɗaya. Ya Fatakwal, ya ruwan saman da aka ce ba ya ɗaukewa a can, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman baƙunta? Ya ciwon gwiwar nan da ke damunka? Gambo direba ya ce da ya kai maka lodi wancan zuwan sai da ya duba sau biyu kafin ya gane ka saboda tumbi, na ce masa to alhamdu lillahi, ashe albasar Bakolori ba a banza take tafiya kudu ba. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri, ya jiƙan Malam da Inna, ya haskaka makwancinsu, ya sa mu cika da imani.

Mu nan muna nan yadda ka sani, ana kwana ana tashi. Bana an sako ruwa a kanal da wuri, shinkafar ’yar gonar da Malam ya bar mana ta yi kyau, tsuntsu ne kawai ya sa mu gaba. ’Yata Husna ta shiga ajin ƙarshe a Islamiyya. Ta fi ni tsawo yanzu, ta kuma fi ni baki, kai ka san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Bangon ɗakin Inna ya tsage ta gabas, mun tokare shi da itace kafin damina. Na jero maka waɗannan ne don kar ka ce Nagode ta manta tarbiyyar gidanmu, ta faɗo maka da magana babu gaisuwa. Amma wallahi Yaya ba don labarin shinkafa na ɗauki biro ba.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. A garin nan yanzu duk wanda aka ga ya ja gefe ya rage murya yana waya, to an fara ƙirga shi cikin marasa gaskiya. Ka kuma san tsawon katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta, atishawa ma ana yi wa juna yarhamukallahu ta kanta. Shi ya sa na rubuta, zan ba Gambo ya sa a hannunka da kansa. Maganar Ukasha ce. Yana da rai, yana cikin ɗaki yanzu haka, raunin goshinsa ya fara kamewa. Na fara da wannan don kar zuciyarka ta tsinke. Amma Yaya, an kira ɗana infoma. Ka daɗe ba ka nan, wataƙila a kunnenka kalmar ba ta da nauyin da take da shi a namu. Infoma shi ne mutumin gari da ke kai wa ɓarayin daji labari, wane ne ya sayar da shanu, wane ne ɗansa ya aiko, yaushe jami’an tsaro suka bar gari. Wanda sunan nan ya zauna masa ba a cika kai shi gaban alƙali ba. Wata rana dai sai a ce ya fita bai dawo ba, kuma babu mai zuwa yi wa uwarsa jaje.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Tun da ya samu shiga jami’a a Mafara, daga gida yake zuwa kullum. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isa kowa ba, kama ɗaki a gari kuma shi ya ƙi, ya ce ba zai bar ni da Husna mu kaɗai a gida ba. Babur ɗin mahaifinsa yake hawa. Ka tuna shi, jan nan da Malam Sirajo ya zo da shi sunan ɗanka Mujahid, kana yi masa tsiya wai ƙararsa ta fi gudunsa. Ranar da aka kashe Malam Sirajo a gonarsa a Gidan Goga, aka sa wa unguwarmu wuta, a kan babur ɗin nan Ukasha ya fito da mu, ni a baya, Husna a tsakiya, shi ko gemu bai fara ba a lokacin. Ba mu fito da tabarma ba, ba mu fito da takardar komai ba. Babur ɗin ne kaɗai abin da ya rage na ubansu, kuma Ukasha yana kula da shi fiye da yadda yake kula da cikinsa.

Shekarun farko babu wata damuwa. Ɗalibi zai shiga da abin hawansa har gindin bishiyar da ke kusa da ajinsu ya kafe. Da tsoro ya yi yawa sai makarantar ta ce kowane abin hawa ya tsaya a wani fili ɗaya kusa da ƙofa, inda idon masu gadi zai kai. Ban ga laifinsu ba, su ma ’ya’yan mutane suke tsarewa. Sai dai filin ɗan ƙarami ne, ɗalibai kuma kullum ƙaruwa suke. Motocin malamai sun ɗauki gefen inuwa, yaran da iyayensu suka saya wa mota sun ɗauki abin da ya saura, masu babura aka bar musu wani lungu a jikin katanga. Wanda ke zaune cikin Mafara da ya idar da sallar asuba zai je ya kama wuri. Mu kuwa na ƙauye, ba a fita hanya sai rana ta fito sosai an ga manoma sun fara wucewa, wannan ba sai an gaya wa kowa ba. Kafin Ukasha ya isa, wuri ya cika, an ja ƙarfe an tare. A bakin titi kuma an hana ajiyewa, wanda ya ajiye a ɗauke. Yakan yi ta zagaye yana neman inda zai sa babur, ana can ana lacca. Wata rana ya dawo gida ido ja wur, ya ce min ya je Mafara ya dawo bai shiga aji ko ɗaya ba.

Kar ka ce bai gwada wata hanya ba. Ya bar babur a gida ya bi motar haya daga Bakura, ka san su, ba sa tashi sai sun cika har da saman but, kuma da la’asar ta yi babu mai dawowa. Ya bi ’yan kabu-kabu, abin ya fi ƙarfinmu. Ya roƙi wani mai shago kusa da makarantar ya riƙa bar masa a ƙofarsa, mutumin ya yarda kwana kaɗan, daga baya ya ce ya yi haƙuri, shi ma an fara tambayarsa baburan wa yake tarawa. Ana cikin haka ne ya gano wani kango bayan katangar makarantar, gidan da aka fara aka bari, ciyawa ta cinye tsakarsa, ga wata babbar bishiyar dogonyaro a gefe. Babu mai gadi, babu mai kora. Ya dawo ranar yana murna har da saya wa Husna rake.

To ga abin da ya jawo mana, Yaya, kuma in na faɗa za ka ce ai kowa na yi. Ka san manoman fadama in sun je gona sukan karyo rassan dogonyaro su lulluɓe babur, don kar rana ta gasa sirdin ya tsattsage, wasu kuma suna cewa rana tana shan mai. Malam Sirajo bai taɓa ajiye babur ɗin nan a rana bai rufe shi ba, har mutanen Gidan Goga suna cewa ya fi rufa wa babur asiri a kan iyalinsa. Ukasha tun yana ƙarami shi ake aikewa ya karyo ganyen. Inuwar kangon ba ta wuce hantsi, sai ya ci gaba da abin da ya tashi ya ga ana yi. Abokan karatunsa da suka rasa wuri suka biyo shi, yaran Bakura da na Maradun, duk ’ya’yan manoma, ya nuna musu wurin, kowa ya karyo nasa reshen. A hankali baburan suka yi layi a cikin kango, kowanne lulluɓe da ganye. Yara masu karatun jami’a, ko ɗaya bai tsaya ya tuna cewa ɓarayin daji su ma haka suke ɓoye nasu ba, don kar jirgi ya hango su daga sama. Ni ma da yake ba ni labari ban tuna ba, sa masa albarka ma na yi.

Ranar Talata ce, ranar kasuwar Mafara, gari cike. Wata mata ta shiga kangon neman ciyawar awaki. Daga baya na ji ita ma ’yar gudun hijira ce daga wani ƙauye a Maradun, kuma safiyar da aka shiga garinsu abin da ta fara gani a bakin rafi ke nan, babura a jere ƙarƙashin ganye. Ta yar da lauje ta fito tana kururuwa wai sun shigo, sun shigo. Ba na jin haushinta ko kaɗan. Da ni ce, da ihuna ya fi nata. Kafin ka ce me, magana ta isa kasuwa, kasuwa ta watse. Aka tattake kayan mutane, dabbobi suka ɓalle, aka bi ta kan wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa aka karya mata ƙugu, har yau tana kwance. ’Yan sa-kai suka kewaye kangon da bindigoginsu. Da aka ga ba kowa ciki, tsoro ya koma fushi, mutane suka tsaya jiran masu baburan.

Shi kuwa ɗan naka, da suka fito daga lacca ya hango taro, maimakon ya tsaya ya ji me ake ciki sai ya kutsa da makulli a hannu yana cewa nasa ne, nasa ne, kar a taɓa. Ka san shi da babur ɗin nan. Aka yi masa ca. Ya ciro katin makaranta, wani ya ce infoma ma ai yana da kati. Wani ya ɗauko dutse. Allah ne ya sa shugaban ’yan sa-kan unguwar yana wurin, ya fizgo shi ya sa shi a bayansa, ya ce duk wanda zai taɓa yaron sai ya fara da shi. Ka san wane ne? Barau. Barau dai na zauren Malam, wanda kuka yi allo tare, wanda kuke satar mangwaron liman ku ce ni ce. Yanzu ya yi furfura, ya binne ƙannensa biyu a sanadin mutanen daji, fuskarsa babu dariya ko ta magani. Amma shi ya tsare min ɗa ranar, kuma ba zan manta masa ba.

Aka kwashe baburan aka kai ƙofar mai unguwa, aka tsare yaran, aka ce kowa a kira ubansa. Kafin la’asar iyaye maza sun iso da manyan riguna. Wannan a ce ai ɗan wane ne mai taki, wancan a ce jikan wane ne na bakin kasuwa, a yi masa faɗa, uban ya ba da haƙuri, ya ja ɗansa da babur su tafi. Kowane yaro da aka tambaya wa ya nuna masa wurin, wa ya koya masa rufewa da ganye, sai ya ce Ukasha. Ba sharri suka yi masa ba, gaskiya suka faɗa. Ni na isa a makare, don da ƙyar na samu wanda ya kai ni. Na tarar tsakar wurin babu komai sai jan babur ɗin Malam Sirajo, ganyen ya bushe a kansa, da ɗana zaune a ƙasa jini ya bushe masa a gira. Wani dattijo ya nuna shi da sanda yana tambayar jama’a wai wanga yaro ɗan wa na. Na matso na ce ɗana ne, ni ɗiyar Malam Isma’ila ce ta Birnin Tudu. Bai ko dube ni ba, ya ce ba mata anka tambaya ba, ubanai aka biɗa. Na ce ubansa ya rasu a Gidan Goga. Yaya, da na san abin da sunan garin nan zai yi a wurin, da na haɗiye shi. Sai na ji wani daga baya yana cewa to mi ya sa sunka kashe uban sunka bar ɗan.

Ka ji fa. Yaron da ya ga gawar ubansa a kan kunyar gona, shi ake tambaya don me bai mutu ba. Ni Nagode da kuke cewa ko a kabari sai na amsa wa mala’iku da ƙari, ranar ban iya haɗa kalma biyu ba.

Barau ya sallame mu da yamma, ya riƙe babur ɗin. Washegari ya zo har gida, ya zauna a zauren Malam inda kuke zama da alluna, ya ƙi shan ruwan da Husna ta kai masa. Ya ce shi ya san ni, ya san gidan da na fito, kuma a ransa bai yarda yaron nan yana da hannu a komai ba. Amma ya ce yaransa yana iya riƙe su, bakin gari ne ba shi iya riƙewa, ga dangin tsohuwar da aka karya suna neman wanda za su ɗora wa. Na ce makarantar ta shaida ɗalibinta ne. Ya ce ba wanda ya ce ba ɗalibi ba ne, ba karatu aka tuhuma ba, asali aka tuhuma. Abin da zai wanke shi ɗaya ne, irin yadda ake yi a nan yanzu: namiji na jininsa, wanda aka san ubansa da kakansa a ƙasar nan, ya zo ranar Juma’a bayan an sauko, ya tsaya gaban mai unguwa da liman da jama’a, ya dafa kan yaron ya ce wannan nawa ne, in an same shi da wani abu a kama ni. Na ce kawunsa, wan uwarsa, yana Fatakwal, a kira shi a waya a sa kowa ya ji. Barau ya girgiza kai, ya ce mutanen daji ma ta waya suka magana, yanzu ba mai yarda da muryar da bai ga mai ita ba. Ya ce in Labaran na da rai shi taho da ƙafafunai. Ya ba mu zuwa Juma’ar farko ta watan gobe. Bayan nan, ya ce, zai zare hannunsa, kuma bai bayyana min abin da hakan ke nufi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na duba ko’ina kafin in dube ka, wallahi na duba. ’Yan’uwan Malam Sirajo ɗaya yana ƙasa, ɗaya ya tsallaka Nijar ba mu da labarinsa, kuma ko suna nan, mutanen Gidan Goga ne, su ma tambayar za a yi musu. Limamin garinmu, Allah ya saka masa, ya ce zai raka mu ya faɗi abin da ya sani na halin yaron, amma ya ce shi ba jini ba ne, dafa kai sai jini. Malam ya rasu, ƙannensa sun rasu. A gidan Malam Isma’ila namijin da ya rage kai ne.

Yanzu bari ka ji yadda muke. Jarrabawarsu ta ƙarshe za a fara bayan Juma’ar nan da Barau ya sa, wadda in ya rubuta ya gama, shekarun nan duka da muka sha wuya su zama wani abu. Amma ko makarantar ba ya iya zuwa. Babur yana tsare. Ya je tashar Bakura, direba ya dube shi ya ce mota ta cika, alhali kujerar baya babu kowa. ’Yan kabu-kabun da suka san shi tun zuwanmu, in ya ɗaga hannu sai su kau da kai su ƙara wuta. Abokan da ya nuna wa kangon iyayensu sun hana su ɗaukarsa, ɗaya ne ya yi ƙarfin hali ya aiko masa da littafin abin da aka koyar, shi ma ta hannun wata mata. Maƙwabcinmu ya ara masa keke da safe, kafin azahar ya turo a karɓo wai tayar ba ta da kyau. Rannan sai ya ce zai bi bakin kanal da ƙafa, komai nisa. Bai yi nisa ba manoma suka riƙa miƙewa daga cikin shinkafa da fartanya a hannu suna bin sa da ido, saurayi shi kaɗai da jaka a baya yana ratsa gonaki. Ya juyo. Da ya faɗa min, na kama rigarsa na ce in ya sake fita ban yafe ba. Ban taɓa gaya wa ɗana irin wannan kalma ba sai ranar.

Mata sun rage shigo min. Masu kawo min yara karatun safe sun ce yaran na mura, duk a rana ɗaya. Husna ta dawo daga rijiya tana kuka, ta ƙi faɗa min abin da aka ce mata. Na yi tunanin in sa shi cikin buhunan albasar Gambo in turo maka shi, na kwana ina juya wannan a raina. Amma in ya gudu ya amsa sunan ke nan. Karatu ya tafi, garin nan ya haramta gare shi har abada, ni in zama uwar infoma, Husna ƙanwar infoma, a gidan da Malam ya karantar da rabin garin nan. Shi ma ya ce ba inda za shi, bai yi komai ba, rana kawai ya tare wa babur ɗin babansa.

Na san abin da nake roƙonka. Ban manta ba cewa a gabanka aka tare motar da ke gaban taku aka shiga daji da mutanenta, kuma tun daga ranar ka ce kai da hanyar gida sai dai a kawo gawarka. Da Malam Sirajo ya rasu ba ka zo ba, ban ce komai ba, kuma har ga Allah ban riƙe ka ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce hanya ta gyaru ba, ba ta gyaru ba. Gambo dai yana bin ta yana dawowa, ya ce in za ku taho tare zai bi da rana tsaka, cikin ayarin motoci, ba zai yi gangancin yamma ba. Na san ina ɗora ran uban wasu a kan hanya don in ceci ɗana. Ki yafe min Hikima, na san ke za ki karanta masa wannan in ya ce idonsa ba ya gani, in ke ce a wurina abin da za ki yi ke nan. Kuma don Allah Yaya kar ka aiko min da komai a madadin kanka. Na san halinka, da ka ji matsala sai ka sa hannu a aljihu. Wannan karon kan yaro ake so a dafa, kuma tafin hannunka ake so a gani a kai.

Jiya da rana na samu Ukasha ya fito tsakar gida, abin da ya daɗe bai yi ba. Husna ta ɗebo ruwa ta ajiye tulun a rana ta shiga ɗaki. Ina kallonsa daga madafa ya miƙa hannu ga dogonyaron nan da ka shuka a bakin zaure, zai karyo reshe ya rufe mata tulun kar ruwan ya yi zafi. Hannun na sama sai ya tsaya. Ya waiga ya dubi kan katanga ta dama, ya dubi ta hagu, ya sauke hannun a hankali ya koma ɗaki. Na zauna a gaban murhu na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka baro Gidan Goga.

Ka gaishe min da Hikima da kyau, ka ce ina ba ta haƙuri tun kafin ta yi fushi. Ka gaishe da Mujahid da Sadiƙ da ’yar autarku Zahra’u, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Husna tana gaishe ku. Ukasha bai san na rubuta ba, da ya sani da ya hana, ya ce kar a sa Kawu a hanya saboda shi. Barau ma ya ce in gaishe ka, ya ce in tuna maka mangwaron liman, kuma a nan ne kaɗai na ga bakinsa ya ɗan motsa. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kai ka ya dawo da kai ga iyalinka lafiya.

Yaya, an tambayi ɗan wa ne a gaban jama’a, na amsa, aka ce ba ni aka tambaya ba. Kai aka tambaya. Ka zo ka amsa.

Wassalam. Abin da za ka gani a ƙasa sunana ne kawai, godiyar na ajiye ta sai na ga takalminka a ƙofar zauren Malam.

Ƙanwarka,
Nagode